Anti, da gaske zuma na goge tabon fuska ta sa haske?

Wata ƙanwata ce ta turo min tambaya, ga yadda ta rubuto: "Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina fama da ƙurajen fuska da baƙin tabo, ga bikina saura wata biyu, ƙawata ta ce in riƙa haɗa zuma da lemon tsami ina shafawa kullum in kwana da shi wai yana goge tabo ya sa haske. Da gaske ne? Kuma ta yaya zan gane zuma mai kyau?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Ki yi haƙuri zan ɗan ja maganar, don tambayar nan ana yawan yi min ita, kuma ni nas ce, na daɗe a ɗakin wankin ciwo, da hannuna na sha zuba zuma a kan ciwon mutane, dan haka abin da zan faɗa miki ba ji na yi a gari ba. Kafin komai dai, lemon tsamin nan ki cire shi daga lissafi tun yau, zan gaya miki dalili a ƙasa. Ita kuma zuma tana da amfani ga fata sosai wallahi, sai dai amfaninta ba shi ne wanda ƙawarki ta faɗa miki ba.

Bari mu fara da ita zumar kanta. In kika raba zuma kashi 100, wajen kashi 80 sukari ne, ruwan da ke ciki bai wuce kashi 17 zuwa 18 ba, ɗan abin da ya rage shi ne sinadaran da ƙudan zuma ya zuba da wanda ya kwaso daga fure. To wannan yawan sukarin da ƙarancin ruwan shi ya sa zuma kullum cikin ƙishi take, duk inda ta ga laima sai ta jawo. Ki gwada barin kwalbar zuma a buɗe da damina, bayan kwana biyu zaki ga samanta ya tsinke ya yi ruwa-ruwa, in aka daɗe ma har ta fara kumfa tana tsami, laimar iska ce ta zuƙa. In kika shafa ta a fuska mai ɗan danshi haka take yi, ta riƙe ruwan a saman fata, shi ya sa in kin wanke zaki ji fuskar ta yi laushi ta yi sulɓi. Kuma wannan halin nata ne dai yake wahalar da ƙwayoyin cuta, tana tsotse musu ruwan jiki su kasa hayayyafa.

Sannan zuma tana da tsami duk da harshe ba ya ji saboda zaƙi ya danne. A ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda in lamba ta yi ƙasa tsami ya fi yawa, tana zama wajen 4, lafiyayyar fatar mutum kuma wajen 5 take, kinga kusan dangi ne. Sabulun wanka na gari kuwa yana kai 9 zuwa 10, har da sabulun salo da muke ji da shi, shi ya sa in kin wanke fuska da shi zaki ji ta ɗaure tana ja kamar an shafa koko.

Abu na uku shi ne wanda ya fi burge ni. Lokacin da ƙudan zuma ke sarrafa ruwan fure yana zuba wani sinadari daga jikinsa, sinadarin nan yana kwance ne a cikin zumar baya aiki, sai ta haɗu da ruwa ko danshin ciwo sannan ya farka ya fara sakin haidirojin farokzaid kaɗan-kaɗan, irin wanda ake sayarwa a kemis ɗin nan mai kumfa in an zuba a ciwo, sai dai na zuma ɗan mitsitsi ne ƙwarai, yana taɓa ƙwayar cuta ba tare da ya ƙona sabon naman da ke tsirowa ba. Amma zafi yana kashe wannan sinadarin. Duk zumar da aka ɗora saƙarta a wuta don ta narke a tace da sauri, ko aka bar ta a galan cikin rana tsawon wuni a bakin titi, to zaƙin yana nan amma wani ɓangare na maganin ya tafi.

Inda zuma ta fi nuna kanta shi ne a kan ciwo. Mu musulmi mun san ayar Suratun Nahli, aya ta 69, inda Allah ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane. Misirawan da ma sun rubuta ta a takardunsu na magani tun sama da shekara 3,000, suna haɗa ta da kitse suna ɗaure rauni. A ƙasar nan tamu kuwa akwai wani likitan tiyata a asibitin koyarwa na Kalaba, Spencer Efem, a 1988 ya wallafa abin da ya gani a kan marasa lafiya 59 masu gyambo da raunuka, yawancinsu an yi ta magani an gaji ciwon ya ƙi, ya koma ɗaure musu da zuma, 58 daga ciki suka samu sauƙi sosai. Har yau masu bincike a duniya suna ambaton aikin nan nasa. A 2015 kuma ƙungiyar Cochrane, masu tattara bincike su tace shi, sun duba gwaje-gwaje 26 da aka yi a kan mutum sama da 3,000, suka ce ƙunar da bata yi zurfi ba tana warkewa da zuma da wajen kwana 4 zuwa 5 kafin wadda aka ɗaure da abin da aka saba, sauran nau'in ciwo kuma hujjar bata kai wannan ƙarfin ba. Yanzu har akwai zumar asibiti da ake kashe duk wata ƙwayar cuta da ke cikinta kafin a sa a kwali, irin su Medihoney da Amurka ta amince da ita a 2007, ana yin ta ne da zumar manuka, wani icce da ke Niyu Zilan da Ostareliya.

Ba zan manta da wata baiwar Allah ba da aka yi wa tiyatar haihuwa ɗinkin ya buɗe ya yi ruwa, tana shigowa ɗaki wari ke riga ta, ita kanta kunya take ji tana ta jan mayafi tana rufe ciki, mijinta ma a bakin ƙofa yake tsayawa. Likita ya rubuta a riƙa wankewa ana cusa bandeji mai zuma, tare da maganin da take sha. A kwana na huɗu da na ɗaga audugar warin ya ragu sosai, ƙasan ciwon da yake fari-fari da ruɓaɓɓen nama ya fara komawa ja kamar cikin kankana, ranar ce na fara ganin ta yi dariya. Dan haka in na ce miki zuma magani ce, da gaske nake.

Toh amma ƙurajen fuska ba buɗaɗɗen ciwo ba ne, a nan ne ake samun ruɗani. Ƙurjin fuska daga can cikin ramin gashi yake farawa, maiƙo ya yi yawa, matacciyar fata ta toshe bakin ramin, ƙwayar cuta ta samu wajen zama a ciki, ga kuma sinadaran jiki na balaga da na al'ada suna ƙara zuga maiƙon, shi ya sa wasu suke ganin sun fi fitowa in al'ada ta kusa. Zumar da kika shafa a sama bata shiga can ƙasa. An ma gwada, a Niyu Zilan a 2016, mutum 136 masu ƙuraje aka raba biyu, duka suna wanke fuska da sabulu mai kashe ƙwayar cuta, rabi aka ƙara musu da shafa zuma har sati 12, da aka zo dubawa ba a ga wani bambancin kirki ba. Abin da zuma zata miki a nan shi ne ta lallashi fatar, ƙurjin da ya riga ya fashe ta taimaka masa ya rufe da wuri, kuma in kina shafa maganin ƙuraje mai busar da fuska ta rage miki bushewar. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ita ce zata tsayar da fitowarsu ba.

Shi kuma baƙin tabo, mu masu duhun fata haka Allah ya yi mu, duk inda fata ta ji ciwo ko ta kumbura sai ta zuba ƙarin launi a wajen, ko cizon sauro kika sosa sai ya bar shaida. Tabon nan yana gogewa da kansa amma a hankali, watanni yake ɗauka, wani ma ya haura shekara in ya yi zurfi. Abu biyu ne ke hana shi tafiya, matsa ƙurji da farce da kuma rana. Zuma bata hana fata yin launi, dan haka bata sa haske irin wanda ake nufi. Abin da mata ke gani su ce sun yi haske shi ne fatar da ta sha ruwa tana sheƙi, furfurar bushewar nan ta hunturu ta kwanta, sai fuska ta fito fes. Kalarki ce ta asali ta fito da kyau, kuma ni a wajena wannan ya fi.

Yanzu lemon tsami. Tsaminsa yana wajen 2 a ma'aunin nan, ya fi ƙarfin fatar fuska nesa ba kusa ba, balle a kwana da shi kullum. Ban da haka akwai wani sinadari a jikinsa, musamman a ɓawon, wanda in ya taɓa fata sannan rana ta doke ta sai wajen ya ƙone. Na ga wata yarinya da idona, ita ma amarya ce saura kwana goma, ta kwana da haɗin zuma da lemon tsami, da safe ta ɗan ɗauraye sama-sama ta shiga kasuwa sayen kayan kicin, bayan kwana biyu kumatunta suka yi ja suka tashi, da suka lafa sai ga baƙin shati har da layin da ruwan ya gangaro zuwa haɓa, kamar an zana da alƙalami. Tana kuka mahaifiyarta na kuka, kuma babu abin da za a yi ya goge shi a kwana goma. Dan Allah kar ki yi. Haka kirfa, haka bakar hoda, haka man goge baki, duk ana haɗa su da zuma a bidiyoyin nan kuma duk suna cin fuska, in abin ya ɓaci sai a ce zuma ce bata karɓe ta ba alhali abokin haɗin ne ya yi ɓarnar.

Akwai tambayar da ni ma zan miki, kuma ki amsa wa kanki tsakani da Allah, wane mai kike shafawa yanzu? Don da yawan masu zuwar min da ƙurajen da suka ƙi ji, in na bincika sai in tarar man haɗi ne, irin wanda ake zubawa a roba babu suna, ko ƴan tub ɗin nan da ake matsawa cikin mai. Yawancinsu akwai sitiroyid a ciki, wato wani magani mai ƙarfi na kumburi da ƙaiƙayi, wasu haidirokwinon mai dusashe launin fata, wasu ma har da makuri mai taɓa ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan sa haske, kinga abin ya game gari, ba abin kunyar mutum ɗaya ba ne. Sitiroyid ɗin nan shi da kansa yake fito da ƙuraje ƙanana masu kama da juna, ya sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ga nankarwa, ga gwiwar yatsu ta yi baƙi. In kina shafa irinsa ko tulun zuma kika juye a fuska ba zaki ga daidai ba. Kuma in kin daɗe a kai kar ki yanke rana ɗaya, fuskar tana iya yin bore ta yi ja tana zafi, ki je wajen likitan fata ya tsara miki yadda zaki janye a hankali.

Ga yadda zaki yi amfani da zumar. Ranar farko ki ɗan shafa a cikin hannunki wajen lanƙwasar gwiwa ki bar shi, ki duba har washegari, in babu ƙaiƙayi ko ja ko ƙananan ƙuraje to bismillah. In kin san harbin ƙudan zuma yana kumbura miki jiki sosai ko kina da atishawar fure mai tsanani, ki yi taka-tsantsan ko ma ki haƙura. Ki wanke fuska da sabulu mara ƙarfi, kar ki goge ta ta bushe ƙarau, ki bar ɗan danshi, ki ɗebi rabin ƙaramin cokali ki murza a tafin hannu ki shafa siriri, ba sai kin lafta tana ɗiga a wuya ba. Minti 15 zuwa 20 ya isa, ki wanke da ruwa mai ɗumi, sau biyu ko uku a sati. Kwana da ita bashi da wani ƙarin amfani, sai dai ta ɓata miki filo ta kwaso ƙura ta gayyato tururuwa. Da kin wanke, tun fatar da sauran laima, ki bi da mai, musamman da hunturu, don iskar hunturu a bushe take, in baki rufe da mai ba ruwan da zumar ta tara zai tashi ya bar ki inda kike. A jiki da ƙafa man kaɗanya ya wadatar, a fuska kuma tunda kina da ƙuraje ki nemi mai mara nauyi, kar ki sa man kwakwa don yana toshe ramukan fata ga mutane da yawa. In kina son ki haɗa ta da wani abu, kindirmo mara sukari cokali ɗaya ya isa. Kurkum ma babu laifi ɗan kaɗan, sai dai ki san rawayar da yake bari rini ne kawai, wanka biyu ya tafi.

Leɓe mai fashewa kuwa zuma na masa kyau, ki shafa ki bar shi minti goma ki goge ki sa man kaɗanya ko basilin, amma ki daure kar ki lashe don miyau ne ke ƙara busar da shi. Masu kaushi da faso su jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, su goge da dutse a hankali, a shafa zuma na ɗan lokaci a wanke, sannan mai da safa a kwanta.

Maganar gane mai kyau kuma, gaskiya gwaje-gwajen da ake yaɗawa basu da tabbas. Wai a tsoma ashana a kyasta, wai a ɗiga a ruwa in ta nutse, wai tururuwa bata shan ta gaskiya, duk wanda ya iya dafa sukari ya yi kauri zai tsallake waɗannan, kuma tururuwa tana shan zuma ta gaskiya sarai. Launi ma ba hujja ba ne, ya danganta da furen da ƙudan ya ci da kuma tsufan saƙar, akwai fara akwai ja akwai mai duhu kamar maɗi. Wani abin da ke ba ni takaici shi ne mutane na zubar da zuma don ta daskare ta yi tsaki-tsaki a ƙasan kwalba wai an haɗa da sukari, alhali zuma ta gaskiya tana yin haka musamman da sanyi, ki sa kwalbar a ruwan ɗumi zata saki, kar dai ki ɗora a wuta. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ki saya wajen wanda kika sani yana da amya ko yake ɗaukowa kai tsaye daga masu ita, in da hali ki sayi mai saƙa ki matse da kanki ki tace da ƙyalle mai tsabta. In kin ji tana warin hayaƙi sosai ko ƙauri to ta sha wuta. In kuma aka ce miki ga lita guda a kuɗin da bai kai na sukarin da zai cika kwalbar ba, kin san amsar. Ki ajiye ta a kwalba mai murfi, a inuwa, kuma kar ki riƙa tsoma jiƙaƙƙen cokali.

Tunda gidan aure zaki shiga bari in ƙara miki da waɗannan, zasu miki amfani gaba. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a bashi zuma ko ɗigo, kuma ba a shafa masa a leɓe ko a cibiya, saboda tana iya ɗaukar ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya da ita amma na jariri baya iyawa, tana saki masa jiki har numfashi ya gagara. Na san iyayenmu suna yi da kyakkyawar niyya, amma a bari ya shekara. Kar a ɗiga ta a ido. In ƙuna ta samu wani a kicin, abin farko shi ne ruwa mai sanyi na famfo ko na randa a yi ta zubawa har minti 20, banda ƙanƙara, banda ɗanyen ƙwai da manja da man goge baki, in ƙunar ta fi tafin hannu ko a fuska take ko a gaba ko jikin yaro ne to asibiti kai tsaye, a can ne za a duba zurfinta a ga ko ta zuma ce. Mai ciwon suga da ya samu ciwo a ƙafa shi ma kar ya zauna a gida yana shafa zuma, na ga ƙafafun da aka rasa ta haka. Makero da ƙyasbi da ƙazuwa kuma kowanne da maganinsa a asibiti mai sauƙin kuɗi, zuma bata kashe su.

A wata biyun da ya rage miki, ga abin da zan so ki yi. Cikin satin nan ki je a duba fuskar, don magungunan ƙuraje na gaskiya irin su benzoyil farokzaid suna ɗaukar sati 6 zuwa 8 kafin a ga aikinsu, kinga lokacin ya yi daidai in kin fara yanzu, kuma ki gaya wa likitan aure zaki yi don akwai magungunan ƙurajen da ba a so mace ta samu ciki tana kansu. Ki cire hannu daga fuska, ki nemi man kare rana mai lamba 30 ko sama ki riƙa shafawa in zaki fita, ki riƙa canza rigar filo da wanke hijabin da ke taɓa kumatu akai-akai, zumarki kuma sau biyu ko uku a sati yadda na faɗa. In lokacin gyaran jiki ya zo ki ce wa mai dilka ta bi fuskar a hankali kar ta dirje inda ƙuraje suke, kuma ki tambaye ta me da me ta zuba a haɗin. Satin biki kuwa kar ki gwada wani sabon abu a fuska ko waye ya kawo miki. Ki duba bayan man da kike shafawa yanzu ki rubuto min abin da aka rubuta a jiki, sai in gaya miki ko na ci gaba ne ko na ajiyewa.